Burtalin da Ya Ɓace a Gonarmu

Autarmu ce ta jawo ni cikin maganar Kurdawa. Kafin nan, abin da na sani game da su bai wuce abin da mai sauraron rediyo ke tsinta ba: wasu mutane ne can wajen Turkiyya da Iraƙi waɗanda ba a ambatonsu sai tare da yaƙi. Ni sana'ata rubuta manhaja, a gaban kwamfuta nake wuni. Ita kuwa tana karatun digiri na biyu a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero, bincikenta kuma a kan tambaya ɗaya yake: me ke sa sulhu ya warware bayan an yi musabaha an watse?

Wata Asabar ta zo gidana a Kano da jaka cike da takardu, ta juye su a kan tabarma. Ta ce, "Yaya, aikin nan ya sha kaina. So nake ka yi min fom a waya wanda zai yi aiki ko babu sabis, don ƙauyukan da zan shiga ba ko'ina ake samu ba. In na dawo kuma ka ɗora min komai a taswira."

Na ce waɗanne ƙauyuka? Ta ce na Gwarzo da Kabo, wato yankinmu. Na tuntsire da dariya, na ce, "To Auta, ina Kurdawa ina Kabo?"

Ta ce in zauna in ji.

A wannan dare da wasu darare bayansa na sha karatu. Kurdawa al'umma ce ta miliyoyin mutane, da harshensu da tarihinsu. Salahuddin Ayyubi da muke jin labarinsa tun muna Islamiyya ma Bakurde ne. Bayan yaƙin duniya na farko, da daular Turkawa ta rushe, yarjejeniyar da aka yi a 1920 ta buɗe ƙofar a ba su ƙasa tasu, amma yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta zo ba ta ko ambaci sunansu ba. Suka wayi gari a rarrabe tsakanin Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. A Turkiyya hukuma ta daɗe tana kiransu "Turkawan dutse", kuma daga 1983 zuwa 1991 akwai dokar da ta hana wallafa ko yaɗa komai da harshensu. A Iraƙi, cikin watan Maris na 1988, sojojin Saddam suka yi wa garin Halabja ruwan iska mai guba, mutum kusan 5,000 suka mutu. Ƙungiyar PKK ta ɗauki makami a 1984, yaƙinta da gwamnatin Turkiyya ya ci rayuka wajen 40,000, kuma Auta ba ta ɓoye min cewa ita ma ƙungiyar ta kashe malaman makaranta da mutanen ƙauye ba. A shekarun 1990 aka tashi ƙauyuka fiye da 3,000, aka hana makiyayan Kurdawa hawa tuddan da iyaye da kakanni suke kai dabbobi lokacin zafi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne sulhun da aka gwada. A watan Maris na 2013 aka karanta wasiƙar jagoran PKK, Abdullah Ocalan, wanda ke tsare tun 1999, a gaban dubban mutane a birnin Diyarbakir, aka tsagaita wuta. Zuwa Yulin 2015 komai ya rushe, aka koma gidan jiya. Sai a 2025 Ocalan ya sake kiran a ajiye makami, ƙungiyar ta sanar da rushe kanta a watan Mayu, a Yuli kuma wasu mayaƙanta suka ƙona bindigoginsu kusa da Sulaimaniyya a arewacin Iraƙi. Mun kalli hoton tare a wayarta. Ta ce, "An ƙona bindiga. Saura abin da ya sa aka ɗauke ta."

Ni dai na yi ta Allah wadai. Yaya za a zauna a wani ɗaki a Turai a ja layi a kan takarda a raba mutane da ƙasarsu? Yaya za a toshe wa makiyayi hanyar da ya gada, sannan in ya bi ta a ce shi ne mai laifi? Na faɗi wannan magana ta biyu da bakina, da ƙarfi, har matata ta leƙo daga kicin.

Auta ta yi min bayanin cewa ba tana nufin Fulanin Kabo da Kurdawa abu ɗaya ba ne. Fulaninmu ba ƙasa suke nema ba, ba kuma wanda ya hana su Fulatanci. Abin da ta ga ya yi kama shi ne irin sulhun da ke kashe harshen wuta ya bar garwashi a ƙarƙashin toka. Ta kawo misalin zaman da gwamnatin Katsina ta yi da 'yan bindiga a 2019, zamanin Aminu Bello Masari, wanda bai je ko'ina ba ya wargaje. Gwarzo kuwa maƙwabciyar Katsina ce. In ka miƙe titin da ya taso daga Kano ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, kana wuce Gwarzo sai Dayi. Don haka take son ta duba ƙananan rigingimun manoma da makiyaya tun suna zauren mai unguwa, tun ba su zama abin da ya fi ƙarfin zaure ba.

Wanda ya tashi a yankinmu ya san burtali. Hanya ce ta shanu da ake bari tsakanin gonaki, a shinge ta da aguwa hagu da dama, ta taso daga makiyaya ta nufi mashaya. A da manomi da makiyayi kowa na da buƙatar ɗan'uwansa. In an yi girbi, Bafulatani ya sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara su bar taki, mai gona har dawa yake aika masa don ya ƙara kwanaki. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta mayar da ƙasa hannun gwamnoni, a 1979 kuma Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Ana cikin haka takin zamani ya shigo, kara da harawa suka zama abin sayarwa, jama'a ta ƙaru, gonar gado ta yi ta rabuwa tana ƙanƙancewa, masu noman rani suka kewaye bakin ruwa a wurare irin madatsar Guzuguzu. Duk wannan na san shi kamar yadda mutum ke sanin labarin garinsu, wato ban taɓa tsayawa na auna shi ba.

Fom ɗin bai ɗauke ni kwana 3 ba. Na yi amfani da KoboToolbox, na tsara gurabe: wurin da abin ya faru, wanda ya kawo ƙara, wanda aka kai ƙara, ƙabila, sana'a, irin ɓarnar, wanda ya shiga tsakani, abin da aka biya. Gurbi na ƙarshe shi ne "An warware?", amsarsa kuma e ko a'a. A wurin aikinmu haka muke yi. In an kawo ƙorafi a kan manhaja, a gyara, a rufe, a wuce na gaba.

Makon farko ta kira ni daga Getso. "Yaya, gurbin ƙabilar nan ya hana ni aiki. Ga wani dattijo ya ce shi Bafulatani ne amma ba ya jin Fulatanci, kuma gonarsa aka yi wa ɓarna. Ga wani kuma shanun da yake kiwo na wani Alhaji ne a cikin gari. Wanne zan danna?" Na tuna kakarmu ta wajen uwa ma Bafulatana ce. Na buɗe gurbin ya karɓi amsa fiye da ɗaya, na ce mata an gyara.

Da ta gama zagayenta, na zauna na zuba bayanan a taswira. Kowace rigima ta fito a matsayin ɗigo, na sa wa waɗanda aka warware launin kore, waɗanda ba a warware ba ja. Kore ya rinjaya, na ji daɗi, na ce ashe masu unguwanni da ardo-ardo suna ƙoƙari. Sai na lura ɗigogin ba a warwatse suke ba. A wasu wuraren sun jeru kamar an ja zare. Na buɗe Google Earth, na koma tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga amsar: a ƙarƙashin kowane jeri akwai burtali. A tsohon hoto za ka ga layi biyu na shinge da fili a tsakiya. Kana matsowa shekarun kusa filin yana tsukewa, har layukan su haɗe, wani wurin ma su ɓace gaba ɗaya. Kuma a wuri guda za ka tarar da kore a kan kore a kan kore: an warware bana, an warware baɗi, an sake warwarewa.

Na bi wani jeri da ya nufi ƙauyenmu, ina jin daɗin aikin kamar mai bin sawun kuskure a manhaja. Na gane makarantar firamarenmu, na gane rafin, na gane tsamiyar da muke sha inuwa in an je shira. Ɗigo mai lamba 47 yana arewa da tsamiyar, a cikin gonar Babanmu.

Na buɗe bayanin. Babu suna, don tun farko mun maye sunaye da lambobi, amma ban buƙaci suna ba. Shekara 6 da suka wuce, shanu sun shiga gero gab da girbi, yaro ne ke kora su. Mai unguwa da Ardo suka je suka kiyasta ɓarna, uban yaron ya sayar da karsana ya biya. An warware? E. Na tuna shekarar, na tuna Baba yana ba ni labarin a waya, yana cewa Fulanin nan sun yi mana ta'adi amma an yi sulhu, alhamdu lillahi. Na ja hoton baya. Inda shanun suka shiga, a tsohon hoto ba gona ba ce. Tsakiyar burtali ce.

Ba zan ɓoye abin da ya fara zuwa raina ba. Layi ɗaya ne a rumbun bayanai, ni na gina rumbun, mabuɗinsa a hannuna yake. Goge shi bai kai minti ɗaya ba, kuma ba abin da zai canza a sakamakon binciken. Da na ji abin ya yi min nauyi, sai na sauya masa riga: ai ƙa'idar bincike ma ta ce a kare sirrin mutane, don haka sai in gusar da kowane ɗigo daga ainihin wurinsa, yadda ba wanda zai gane gonar wani. Wannan gaskiya ne, kuma daga baya mun yi hakan a taswirar da za ta shiga kundin. Amma na san a daren ba sirrin mutane nake karewa ba.

Na kira Auta wajen ƙarfe 11 na dare. Na ce, "Kin duba lamba 47?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni na tsaya a wurin na danna. Ardo da kansa ya kai ni. Ya san ko 'yar wace ce ni, amma bai ce min komai ba, sai ya nuna da sandarsa ya ce daga nan zuwa can hanyarsu ce a da. Jira nake in ga me za ka yi in ka gani."

Na ce, "To me kike so a yi? Ki rubuta a kundin digiri cewa mahaifinki ya ci burtali? Da amfanin gonar nan aka biya min kuɗin jami'a, ke ma da shi ake biya miki."

Ta ce, "Shi ya sa ba zan iya rubuta babi guda a kan makiyayan Kurdawa in tsallake wannan ba. Kai da kanka ka ce yaya za a toshe wa mutum hanya sannan a ci shi tara."

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Na taka nawa na hango na Turkiyya.

Ranar Juma'a muka tafi gida. Bayan sallar la'asar muka sami Baba a zaure, na buɗe kwamfuta na nuna masa hotunan biyu, tsoho da sabo, ban ce komai ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya ce na'ura ƙarya take yi. Sai ya cire tabaran ya ce, "Ai ba sai jirgin sama ya gaya min ba. Ni na sare aguwar da hannuna."

Ya ba mu labarin. Bayan farin 1984 abin ya fara, lokacin yana saurayi, rumbuna ba komai, shanun da ke bin hanyar kuma sun ragu. Maƙwabcinsa na gabas ya ƙara kunya ɗaya a cikin burtalin, ba wanda ya yi magana. Shekara ta zagayo shi ma ya ƙara tasa. "Ba wanda ya taɓa zama ya ce yau zan cinye hanyar shanu. Kunya ɗaya ce a shekara, wani lokaci ma sai a tsallake shekaru. In ka bari, na gefenka ba zai bari ba, sai ka ga ka yi asara a banza. Har muka wayi gari mun haɗe."

Auta ta ce, a hankali, "Baba, da aka zo kiyasta ɓarnar, ba wanda ya tuna?"

Ya ce, "Kowa ya tuna. Mai unguwa ya sani, shi ma tasa gonar tana kan layin. Ardo ya sani. Amma ba maganar hanya aka kawo ba, maganar gero aka kawo. Abin da aka kawo shi ake yankewa."

Wannan jimla ta Baba ita ce ta fahimtar da ni abin da Auta ta yi watanni tana ƙoƙarin gaya min. Zauren ya yi adalci a kan tambayar da aka yi masa. Tambayar ce aka yanka ta daidai wuyan mai gona. Fom ɗina ma haka yake: ya tanadi gurbin wanda ya yi ɓarna da abin da ya biya, bai tanadi gurbin abin da wurin yake kafin ya zama gona ba. Ni da ban taɓa riƙe fartanya da niyyar cin burtali ba, na zo da kwamfuta na sake shafe shi a karo na biyu, har na shafa masa kore.

Baba bai ce mana zai yi wani abu ba. Bayan kwana 10 ƙaninsa ya kira ni, ransa a ɓace, ya ce mun zo da karatun boko mun rikita masa ɗan'uwa. Ashe Baba ya ɗauki buhun dawa 2 a bayan babur ya tafi ruga. Yadda Baba ya gaya min daga baya, Ardo ya shimfiɗa masa buzu, aka kawo nono, aka daɗe ana gaisawa ana tambayar iyali da dabbobi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Ardo ya ce, "Malam, karsana ta riga ta tafi, mun yafe tun a lokacin. Dawa kuma mun gode. Amma in da za a ba mu zaɓi, hanya muke so. Yaran nan in sun kora shanu zuwa ruwa, ko su bi kwalta mota ta buge su, ko su bi gona a kama su. Babba yana iya haƙuri. Yaron da aka kama shekara 6 da suka wuce yanzu ya zama saurayi, kuma ba ni da iko da abin da ke zuciyarsa."

Da damina ta faɗi, Baba ya auna daga tsamiya zuwa inda ya tuna tsohon shingen yake, ya bar wurin bai shuka ba. Ya samo rassan aguwa ya kafa a kan iyaka. Baffanmu ya yi fushi, don gonar ta gado ce kuma yana da haƙƙi a ciki. Maƙwabta suka ce Baba yana neman ya tona musu asiri. Mai unguwa ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, sai dagaci da hakimi sun sa baki, sai kuma an tara duk masu gonakin da ke kan layin, daga makiyaya har mashaya. Har yau ba a yi wannan taron ba.

Saboda haka abin da Baba ya buɗe ba hanya ba ce tukuna. Wani ɗan fili ne mai ciyawa, gonar wani ta toshe shi ta gabas, gonar wani ta toshe shi ta yamma, saniya ba ta da inda za ta bi ta shiga. Na faɗa masa haka, ina tsoron kada ya ga ya yi asara a banza, irin wadda ya guje wa shekaru 40 da suka wuce. Ya ce, "Kunya ɗaya-ɗaya aka ci shi. In zai dawo, haka zai dawo. Ni dai nawa na ajiye."

Auta ta rubuta a farkon babinta na 4 cewa iyalin mai binciken suna cikin waɗanda gonarsu ta shiga burtali, kuma sun taɓa karɓar diyya a kan haka. Ta karanta wa Baba kafin ta miƙa, ya ce ta bar shi yadda yake. Babin Kurdawa yana nan, ta dai rage masa zafin harshe, ta ce yanzu ta gane cewa a cikin Turkawa ma akwai masu irin matsayinmu, waɗanda suka tashi suka tarar da abin a gonar gidansu.

Ni kuma na koma kan fom ɗin. Na ƙara tambaya kafin ta ɓarna: wurin nan mene ne a da, kuma wa ya tuna? Gurbin "An warware?" na cire masa e da a'a, na mayar da shi fili da za a rubuta abin da aka yanke da abin da aka bari. Hakan ya sa taswirar ta daina kyau, ba kore ba ja, kuma sai mutum ya zauna ya karanta kowane layi kafin ya fahimci wani abu.

Makon jiya na je gida. Aguwar da Baba ya kafa ta kama, ta fara toho. Awakin unguwa sun gano wurin, su ne ke kiwo a ciki. Na tsaya a gindin tsamiya na hango garke can nesa a bakin kwalta, wani yaro a gaba da sanda a kafaɗa, yana jiran motoci su wuce ya tsallaka da su.